Ƙasar Ƙofar Ɗakin Hajiya

Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, sakandare na gama na yi aure, keken ɗinki shi ne ofishina. Amma Allah ya ba ni ido, kuma abin da idon nan ya gani a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka ya hana ni sakat. Na yi shiru lokacin da magana za ta yi amfani. To yanzu bari in faɗa, ko na sauke abin da ya tokare mani ƙirji.

Sunana Ma'u. Maigidana Haruna shi ne babba a gidan, ƙanensa Abbas ke bi masa, kuma duk gida ɗaya muke da mahaifiyarsu, Hajiya Abu, kowa da sashensa. Matar Abbas, wato faccalata, ita ce Dakta Lailatu. Ita da mijin duk a jami'a suke koyarwa, shi a fannin sinadarai, ita a fannin ƙwayoyin cuta. Matsayinsu ɗaya a wurin aiki, duk da ya riga ta farawa da shekara shida.

Aikin Lailatu in ka ji shi sai ka yi dariya, don ƙasa take ɗiba. Ta ce tsutsar cikin da ke hana yara ƙiba a ƙasar tsakar gida ƙwanta yake zama, yaro na rarrafe ya kai baki. Damina uku tana bin unguwannin cikin gari gida-gida, ta yi sallama, ta nemi izini, ta ɗebi cokali uku a ƙofar ɗaki ta ƙulle a 'yar leda. Kowace leda sai ta rubuta sunan gidan da unguwar a jiki, don ta yi wa matan alkawarin za ta koma masu da sakamako da magani. Ƙasar sai an ajiye ta a sanyi, wutar makaranta kuwa ba ta zama, shi ya sa ta sayi firji mai sola ta sa a ɗan ɗakin da ke kusa da kicin ɗinta.

Wata rana ta shigo mani ina ɗinki, bakinta har kunne. Ta ce wata babbar mujallar masana a ƙasar waje ta karɓi rubutunta, da sharaɗi ɗaya: ta sake duba ledojin daminar ƙarshe, guda ɗari biyu da goma, ta tura sakamako cikin mako shida. In ta yi haka za su ba ta takardar amincewa, da ita kuma za a ɗaga ta zuwa mataimakiyar farfesa bana.

Na rangaɗa guɗa. Sai na ga fara'ar tata ta ɗan ragu.

"Malam ya ce in sa sunansa a rubutun," in ji ta. Malam take ce wa mijin.

"To ki sa mana, mi zai rage ki da shi?"

"Na sa masa a biyun da suka wuce, Ma'u, ko cokali bai taɓa riƙe mani ba. Wannan sun ce kowa ya rubuta abin da ya yi da hannunsa, ya sa hannu. In rantse a kan abin da ba a yi ba?"

"Da kika faɗa masa mi ya ce?"

"Ya ce ba komai."

Na ci gaba da taka kekena. Ni dai a sanina, in namiji ya ce maki ba komai, sai ki tashi ki nemi inda komai ɗin ya ɓuya.

Kwana takwas da yin wannan magana wutar unguwa ta kwana biyu ba a kawo ba. Hajiya na da ciwon suga, ga ƙafarta ta dama da ta daɗe tana kumbura, kuma allurar da ake yi mata a firjina take zama. Da sanyin firjina ya ƙare na fito da kwalbar ina shirin sa ta a gindin randa, sai ga Abbas zai fita aiki. Lailatu ta riga shi fita.

"Haba matar Yaya, randa kuma? Ga firjin Lailatu can ba ya ɗaukewa. Hajiya, ki kai da kanki ma ki motsa ƙafar, ai likita ya ce ki riƙa takawa."

Shekara uku firjin nan yana gidan, Abbas bai taɓa cewa a sa ko ruwan sha a ciki ba. Na riƙe Hajiya muka je, ta buɗe. Ledoji ne jere reras har sama, kuma wadda ke bisa duka, rubutunta na kallonmu, ita Hajiya ta ɗauka. Ta yi yaƙi da jahilci a zamaninsu, ta san sunanta in ta gan shi.

"Ma'u, idona ne ko sunana ne wannan?"

An rubuta: Gidan Hajiya Abu, ƙofar ɗaki. Ni ba rubutun ne ya dame ni ba. Ni na taya Lailatu jera ledojin nan, kuma wannan ita ce ta farko da ta ɗiba a daminar, can ƙasa muka sa ta, leda ɗari biyu a kanta. Leda ba ta da ƙafa. Wa ya hawo da ita?

Kowa a garin nan ya san maganar ɗaukar sawu. In mutum na son ya cuce ka, sai ya ɗebi ƙasar inda ka taka ya kai wa boka, ƙafarka ta lalace ko a mallake ka. To ga tsohuwa da kumburarriyar ƙafa, ga ƙasar ƙofar ɗakinta a ƙulle da sunanta a firjin suruka.

Bayan la'asar Hajiya ta sa aka tara mu a tsakar gida. Ta jefa ledar gaban Lailatu.

"Mi na yi maki, ɗiyar nan? Sawuna kika ɗauka?"

Lailatu ta durƙusa. "Subhanallahi! Hajiya, ai da izininki na ɗiba. Ranar ruwan farko kina zaune nan kina tsintar wake, na ce zan ɗebi ƙasa saboda jikokinki da ke wasa a wurin, kika ce in ɗiba."

"Ban tuna ba."

"Malam, don Allah ka yi mata bayani. Kai ka san aikin nan."

Duk muka juya gare shi. Kalma biyu ta isa ta kashe wutar nan. Abbas ya gyara hularsa, ya kalli ƙasa.

"To Hajiya, ni fannina daban, nata daban. Abin da take yi da ƙasar mutane ban taɓa shiga ba. Ban ce ta yi wani abu ba, amma ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Allah shi ne masani."

Mutumin da ke da digiri uku, wanda da motarsa aka ɗauko firjin nan, wai shi ne bai sani ba! Lailatu ta ɗago ta kalle shi, ta daɗe tana kallonsa.

Daga ranar gidan ya juye mata. Ranar girkinta Hajiya ta mayar da kwanon tuwo ko buɗewa ba ta yi ba, ta aika aka sayo mata fura. Ta hana jikokinta shiga sashen Lailatu. Ko bayi za ta je sai ta sa an bi bayanta da tsintsiya an share inda ta taka. In Lailatu ta gaishe ta da safe, sai ta amsa wa bango.

Lailatu ta ce bari ta kwashe ledojin ta kai gidan wata abokiyar aikinta a GRA mai sola, a huta. Abbas ya tare ƙofa.

"In kika fita da su yanzu, cewa za a yi kin gudu da shaida. Ki bar su inda suke har ƙura ta lafa. Mutuncinki nake karewa."

Ta bar su. Kullum sai ta ɗebi goma ko sha biyu a ƙaramar kula ta tafi da su makaranta ta duba, ta dawo idanunta jawur. Ranar da ta kai leda hamsin ta dawo ta tarar an zare wayar firjin daga bango. Ta tambaya, kowa ya ce bai sani ba. Abbas ya ce wataƙila yara ne, alhali an hana yara shiga sashen. Ta sayo kwaɗo ta sa wa ɗakin. Da daddare ya karɓi makulli ɗaya, wai babu ɗakin da za a kulle wa maigida a gidansa.

A mako na biyu ta roƙi izini a makaranta ta zo da madubin aikinta gida, irin wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. Ta kafa shi a kan tebur a tsakar gida, ta ɗebi ƙasar ledar Hajiya ta wanke ta tace, ta ɗiga a ɗan gilashi.

"Hajiya, zo ki gani da idonki abin da nake nema."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kin gama da ƙafa, yanzu ido kike so?"

Ni na leƙa. Na ga wani abu kewayayye, ruwan ƙasa-ƙasa, mai kaushin baya, har guda uku. Lailatu ta ce ƙwan tsutsa ke nan. Na tuna ɗiyata ta tsakiya da ta yi shekara tana ciwon ciki tana ramewa, sai da Lailatu ta kawo mata ƙwaya ɗaya ta tauna, cikin wata guda ta murmure.

Na ce, "Hajiya, wallahi ƙwai ne, na gan shi."

"Ke ma an shanye ki," in ji ta.

Abbas yana tsaye bakin zaure. Ya fi kowa sanin madubin nan, amma ko matsowa bai yi ba. Cewa ya yi, "Lailatu, kada ki tilasta wa mahaifiyata. Ɗauke kayan nan."

Sai kuma maganar ta fita gari. Mata suka fara sallama, ɗaya bayan ɗaya, daga baya ƙungiya-ƙungiya, kowace da zancenta. Wannan ta ce tun da aka ɗebi ƙasar gidansu mijinta ya daina ciniki. Waccan ta ce cikinta ya zube. Matan da suka shimfiɗa wa Lailatu tabarma suka ba ta ruwa, su ne yau ke tsaye a tsakar gidanmu suna cewa a ba su ƙasarsu. Wata ma ta ɗaga murya ta ce dama ta yi mamaki, yaya za a yi mace ta taso daga baya ta kamo mijinta har tana shirin wuce shi, in ba an taka masa tauraro ba?

Lailatu ta yi bayani har muryarta ta dishe. Da suka tafi ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado.

"Ma'u, akwai abin da ban gane ba. Matar nan ta ƙarshe daga can bayan ganuwa take, ba ta san kowa a unguwar nan ba. Wa ya gaya mata sunan gidansu na cikin firjina? Sunayen nan ni kaɗai ke da su."

Ta kalle ni, na ga abin da ke idonta. Ni ma zargina take. Ban ji haushi ba, don a gidan da aka mayar da mutum haka, ko inuwarsa ba zai yarda da ita ba.

Kwana uku bayan nan na samu amsar tambayarta. Da hantsi, ta tafi aji, na shiga sashensu in ɗauko turmin da ta ara. Ƙofar ɗakin firji a buɗe. Abbas na durƙushe, yana ɗaga ledoji ɗaya-ɗaya yana ɗaukar hoton rubutun da wayarsa. Ya juyo muka haɗa ido.

"Matar Yaya, ina duba mata ne ko sanyin ya isa."

Na ce to, na ɗauki turmina. Da yamma na gan shi a zaure kai a haɗe da Malam Dabo, malamin da ke yi wa Hajiya rubutun sha, wanda matan unguwanni da yawa ke zuwa wurinsa. Wayar na hannun Malam Dabo, yana matsar da ita kusa da ido.

Na gaya wa maigidana. Haruna ya ajiye cokali ya ce, "Ma'u, tsakanin mutum da matarsa sai Allah. Tsakanin ɗa da uwa kuma ba a shiga. Ki riƙe bakinki, kada ki raba mani zumunci."

Na riƙe. Wannan shi ne laifina, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Kullum in na ga Lailatu ta fito da 'yar kularta, ta rame, wuyanta ya fito, sai in ce gobe zan faɗa mata. Goben ba ta zo ba.

Saura kwana tara wa'adin ya cika, ta duba leda ɗari da talatin, saura tamanin. Ranar tana tsaron jarrabawa tun safe har la'asar, kuma Abbas ya san da haka, don jadawalinsu ɗaya. Ƙarfe goma sai ga Malam Dabo da buzunsa. Aka shimfiɗa masa a tsakar gida. Abbas da kansa ya riƙa kwaso ledojin a kwando yana zubewa gabansa, har waɗanda aka riga aka duba, har na daminar bara da ta bara waccan.

Malam Dabo ya yi addu'o'insa ya tofa. Sannan ya ce, "To, abin da ya dace, a mayar wa kowane gida da ƙasarsa. Ga sunaye a jiki. Kowa ya karɓi tasa, hankali ya kwanta."

Na ji sanyi a raina. In ledojin suka koma gidajensu a ƙulle, Lailatu za ta iya bi ta roƙa, ko rabi ta samu.

"A'a Malam," in ji Abbas da sauri. "Wa zai bi gida ɗari biyu? Kuma in an bar su a ƙulle ai ba a warware komai ba. A haɗe su wuri ɗaya. Matar Yaya, kawo babban baho, ki ɗora ruwa ya tafasa."

Malam Dabo ya ce hakan ma ya yi. Ku ji fa! Malamin bai ce a haɗe ba, bai ce a zuba ruwan zafi ba. Wanda ya ce bai san komai game da aikin ba, shi ne ya san daidai abin da zai kashe shi. In ƙasar gida ɗari biyu ta cakuɗe, wa zai ƙara sanin ta wane gida ce? In ruwan zafi ya bi ta, wane ƙwai za a gani?

Ni na kawo bahon. Ni na ɗora ruwan. Ina tsaye yana yage ledojin ɗaya bayan ɗaya, yana tara takardun sunayen gefe, ya ƙyasta masu ashana. Ya juye tafasasshen ruwa, ya sa muciyata ya dama. Aikin damina uku ya koma taɓo cikin rabin sa'a, aka kai bayan gida aka zubar a kwata.

Da Lailatu ta dawo, ɗakin firji ta fara shiga kamar kullum. Muna jin ƙarar buɗe murfin. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, ta tsaya gaban bahon da ban ƙarasa wankewa ba.

Abbas ya fara zuba. "Ki yi haƙuri, ba yadda zan yi. Aljannata na ƙarƙashin ƙafar mahaifiyata, ba zan zaɓi ƙasa in bar uwa ba. Kuma don ke na yi, mutanen gari sun fara maganar kai ƙara. Ƙasa ce fa, Lailatu, ga ta nan ko'ina. Ki sake ɗiba."

"Wa ya ce a zuba ruwan zafi?" Ita ke nan tambayar da ta yi.

Ta kalli Malam Dabo, ya sunkuyar da kai yana naɗe buzu. Ta kalle ni, ni kuma na kalli muciyar da ke hannuna.

Ta rubuta wa mujallar ta ce a ba ta lokaci. Suka amsa da cewa sakamakon da bai cika ba ba za su buga ba, in ta sake tattara wani ta turo daga farko. Lokacin duba takardun ƙarin girma ya zo ya wuce, nata bai kai ba da rubutu ɗaya tak.

Wata biyar bayan nan sunaye suka fito. An ɗaga Abbas zuwa mataimakin farfesa. Rubutu biyun da suka cika masa adadi su ne waɗanda Lailatu ta sa sunansa a kai don a zauna lafiya.

Aka yi walima, aka yanka rago, aka kafa rumfa a ƙofar gida. Mata suka cika tsakar gida suna yi wa Hajiya barka, kowace na cewa kin gani ko, ana warware abin nan hanyarsa ta buɗe. Lailatu na bakin murhu tun asuba, ita ta tuƙa tuwon, ita ta yi miyar. Daga waje muna jin Abbas a lasifika yana gode wa iyalinsa da suka ba shi haɗin kai.

A nan ne abin ya ƙwace mani. Na bi Hajiya ɗaki lokacin da ta shiga miƙe ƙafa, ƙafar da har yau tana nan a kumbure yadda take. Na durƙusa na faɗa mata duka: ledar da aka hawo da ita sama, hotunan waya, zaman zaure da Malam Dabo, maganar sa suna a rubutu. Ina faɗa ina kuka. Na ɗauka za ta yi salati, ta dafe ƙirji.

Hajiya ta gyara filon da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Kin gama? Ke Ma'u, kin ɗauka ban san ɗan da na haifa ba? Na tuna ranar da ta ɗebi ƙasar nan, wake nake tsinta. Ƙafata kuwa suga ce, likita ya faɗa mani tun ba yau ba."

Na ce, "To Hajiya, don mi?"

"Don mi? So kike a riƙa nuna ɗana a makaranta ana cewa ga mijin farfesa? Ya shiga taro matarsa na kujerar gaba shi yana baya? Ita mace ce, mi take gaggawa? In ya wuce sai ta biyo. Haka muka taras ana yi."

Sai na ji motsi a bayana. Lailatu ce tsaye a bakin ƙofa da tire, kan ƙasar nan dai da aka yi duk rigimar a kanta. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta shigo, ta durƙusa, ta ajiye tiren gaban Hajiya, ta buɗe kwanonin.

"Ga abincinki, Hajiya. Ki ci, tunda dama kin san babu komai a ciki."

Wata shida rabon tsohuwar nan da ta taɓa girkin Lailatu. Ta jawo kwanon, ta wanke hannu, ta ci. Har da neman ƙarin miya.

To ku gaya mani, wa ya yi wa wani asiri a gidan nan? An tara gari a kan baiwar Allah, an kira ta mai ɗaukar sawu, an raba ta da matan da ta yi wa alkawarin magani, alhali masu ƙulla abin sun fi kowa sanin hannunta tsarkakakke ne. Ɗan ya fake da uwa, uwar ta fake da tsoro, babban wa ya fake da zumunci, ni kuma na fake da umarnin miji na ɗora ruwa. Yau in ka je makarantar za ka ji ana cewa mata ba su cika kaiwa sama a fannin kimiyya ba, wai hidimar gida ke riƙe su. Ba wanda zai ce maka wani lokacin hidimar gidan da hula take yawo.

Ranar na nemi gafarar Lailatu. Ta ce ta yafe, amma ta daɗe ba ta shigo ɗakina ba. Firjin ta sa aka ɗauke, ba ta gaya wa kowa inda aka kai shi ba. Ko biro ba ta ƙara shigowa da shi gidan daga makaranta. Tana gaisuwa, tana girki, tana amsa kira, iyakarta ke nan.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko. Da safe, maza sun fita, ina share ƙofar ɗakina, sai na ga ƙafafu sun tsaya gabana. Lailatu ce, da cokali a hannu da 'yar leda.

"Ma'u, kin yarda in ɗiba?"

"Daga farko za ki sake? Damina uku fa!"

"Damina uku ce. Ai ban mutu ba."

Na jingine tsintsiyar na riƙe mata bakin ledar. Ta durƙusa ta ɗebi cokali uku, ta ƙulle. Ta ciro alƙalami daga jakarta, na zuba ido in ga ta rubuta sunana. Ba ta rubuta suna ba, lamba ɗaya kawai ta sa. Ta cusa ledar can cikin jaka ta ja zif, sannan ta waiga ta dubi ɗakin Hajiya. Ni ma na waiga. Labulen tagar yana motsi, kuma ba iska ake yi ba.